Mutumin da Yaya Ya Bari a Dokin Ƙofa

Ba ni da saurin yarda da ƙwaƙwalwata, shi ya sa nake rubuta kusan duk abin da na gani. Tun ina karatu a harabar jami'a ta Kongo nake amfani da wata manhajar rubutu a wayata, kuma na zaɓe ta ne saboda hali guda: ba ta manta abin da aka goge. Idan ka gyara jimla yau, tsohuwar tana nan a ƙasa, tare da ranar da ka taɓa ta. Na gwada wasu da suka fi ta kyan fuska, masu launuka da akwatuna, na watsar da su, domin a ganina manhajar da za ta bar mutum ya canza jiya ba tare da ta riƙe shaida ba tana koya masa ƙarya ne a hankali. Duk da haka, a cikin abin da zan faɗa akwai wuri guda da rubutuna bai cece ni ba, kuma zan nuna shi idan mun iso.

Yayana shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Gyaran waya yake yi a wajen Ƙofar Kibo, kuma a shagon da ke jikin zauren gidanmu a Kusfa yake kwana. A nan ya ajiye tsohuwar talabijin mai ƙeya da na'urar gem irin ta da, wadda ake cusa wa kaset ta sama. Daga gare shi na koyi son wasanni masu labari, waɗanda ake yawo daga gari zuwa gari ana karanta maganar mutane a ƙasan allo.

Ra'ayinmu a kansu ɗaya ne, kuma har yau ban sauya ba. Sababbin wasanni suna ɗora maka kibiya a gaba, suna kora ka kamar akuyar da za a kai kasuwa. Tsofaffin kuwa sakin ka suke yi kamar baƙon da ya shigo lungunan birni: sai ka yi sallama, ka tambayi hanya, wani ya faɗa maka daidai, wani ya ɓatar da kai. Ba su neman data, ba su gaggawa, kuma suna ɗauka cewa mai wasan yana da hankalin da zai riƙe abin da aka faɗa masa. A nan ne muka rabu da Yaya. Ni ina rubuta wanda ya ce me, a wane gari, har da taswirar hanyoyi. Shi kuwa dariya yake yi mini.

"Malam magatakarda," in ji shi, "gem ɗin ma sai ka rubuta masa jarrabawa? A ka ake riƙewa. Wanda ya manta hanya ya sake tambaya."

"In kan ya yi kuskure fa?"

"Ai kuskuren ma nasa ne."

Saboda haka bai bar rubutu ko ɗaya ba. Abin da ya taɓa bayyana mini, da idon mai gyara, shi ne cewa a cikin kowane kaset akwai ɗan batir kamar kwabo, shi ke riƙe da inda mai wasa ya tsaya. Ranar da ya mutu, kaset ɗin ya manta komai. Idan ka ciro shi don ka sa sabo, nan ma ya manta.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Yaya, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Bayan an tashi daga zaman makoki aka raba tufafinsa, kayan aikinsa suka tafi wurin abokin sana'arsa. Gem ɗin babu wanda ya kula da shi, sai na roƙa a bar mini shi a inda yake.

Na daɗe ban taɓa shi ba. Wata rana bayan la'asar aka kawo wuta, na shiga shagon, na kunna da kaset ɗin da na tarar a ciki. Wasa ne da ban taɓa yi ba, amma na san dokarsa daga bakin Yaya: gurbin ajiya guda ne tak, kuma duk lokacin da ɗan wasan ya ƙetare ƙofa, sai kaset ɗin ya goge tsohon wuri ya rubuta sabo, ba ya neman izini. Allon farko ya nuna sunan Yaya, sunansa na yanka, da ya shigar da hannunsa. Da na danna, sai ga wani ɗan mutum mai shuɗiyar riga tsaye a dokin ƙofar wani gida a bakin daji. Sama ta yi ja irin na faɗuwar rana, kuma a cikin wasan ranar ba ta ƙarasa faɗuwa. Kafaɗunsa suna ɗagawa suna sauka kamar mai numfashi.

Ban taɓa komai ba. Na fahimci cewa taku ɗaya zuwa ciki zai shafe wuri na ƙarshe da yatsan Yaya ya ajiye shi, kuma ba ni da na'urar da za ta kwafe shi. Na ɗauki hoto, hoton ya fito da ratsi-ratsi, ba a gane komai sai jan sama. Sai na rubuta a manhajata cewa yana tsaye a dokin ƙofa, ya ba mu baya, yana fuskantar cikin gida. Na kashe.

Daga nan ya zama mini al'ada. Idan an kawo wuta da yamma sai in kunna, in dube shi, in kashe.

Ga wurin da na yi alkawarin nunawa. Wata rana na kunna, na tarar da shi yana fuskantar waje, fuskarsa tana kallona. Na buɗe rubutuna, na ga "ya ba mu baya", na duba tarihin jimlar, ba a taɓa gyara ta ba. Bayani mafi sauƙi shi ne na yi kuskure tun ranar farko, idona cike da abin da ke cikinsa. Bayani na biyu shi ne batir ya fara rauni yana rikita abin da ya riƙe. Ban san wanne ba ne. Manhajar ta tabbatar mini da abin da na rubuta, amma ba ta da ta cewa a kan abin da na gani.

Inna ba ta shiga shagon ba tun rasuwar. Ranar ta zo ɗaukar tabarma don baƙi, ta tarar da ni zaune gaban allo, hannuwana a kan gwiwa. Ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Wannan kuma wa yake jira?"

"Ba kowa, Inna. Gem ne. Nan Yaya ya tsaya."

"A dokin ƙofa? Da magariba?"

A gidanmu, kamar gidaje da yawa, ba a barin yaro ya zauna a dokin ƙofa idan rana ta yi ja. Ana cewa lokacin wucewar waɗanda ba a gani ne, kuma ƙofa hanyarsu ce. Na fara yi mata bayani a tsanake cewa ba mutum ba ne, zane ne da lissafi.

"Na san ba mutum ba ne, ai ba yau aka haife ni ba. Wa ya ajiye shi a nan?"

"Yaya."

"To yayanka bai ajiye shi don ya dawwama ba. Shigar da shi."

Na ce mata idan ya shiga, wurin da Yaya ya bari ya tafi ke nan har abada. Ta ɗauki tabarmarta ta fita. Amma daga ranar, idan na zo gaishe ta da yamma, takan tambaya ba tare da ta dube ni ba: "Yana nan tsaye?" In ce yana nan. Na lura kuma idan rana ta yi ja tana alwala a tsakar gida, fuskarta tana karkata wajen zaure. Ta rage cin abinci. Ba zan ce wannan ne dalili ba, domin mai makoki ba ya rasa dalili, amma na ga lokacin da abin ya fara.

Sai wata yamma na kunna, allon farko ya fito babu suna. Na kashe, na hura kaset ɗin kamar yadda Yaya yake yi, na sake kunnawa, sunan ya dawo. Da na ɗaga kai, Inna tana bakin shagon. Ta shigo ta zauna a gefen katifa.

"Ba ni abin."

Na miƙa mata hannun gem ɗin. Ta riƙe shi da hannu biyu kamar ƙwarya mai zafi.

"Wanne ne ciki?"

Ina iya cewa ban sani ba. Na nuna mata maɓallin da zai shigar da shi. Ta ɗora babban yatsanta mai lalle, ta danna da ƙarfin da ya wuce bukata. Ɗan mutumin ya juya mana baya, ya taka, allon ya yi baƙi. Wata 'yar alama ta ƙifta a kusurwa, na san an riga an rubuta sabo a kan tsoho.

Ɗaki ne ƙarami, da murhu a tsakiya, da wata tsohuwa zaune kusa da wuta. Rubutu ya fito a ƙasa da Turanci.

"Me ta ce?"

Na karanta sau biyu a zuci don kada in ƙara ko in rage. "Ta ce, ka dawo? Ka daɗe a waje. Zo kusa da wuta."

"Akwai wata kalma a farko. Na ga bakinka ya tsallake ta."

Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, don kunya irin ta iyaye. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". Na ce mata sunansa ne.

"Da sunansa ta kira shi? Gatsal?"

"Da sunansa."

"Ita dai wannan tsohuwa ba ta da ta-ido," in ji ta. Ta matsa kusa da allon. "Nuna mini shi."

Na ɗora yatsa a ƙarƙashin haruffan. Ba ta karanta boko, amma ta bi su da ido daga farko zuwa ƙarshe. Leɓɓanta sun motsa. Ban ji sauti ba, kuma ba zan rubuta abin da ban ji ba.

Ladan ya kira magariba daga masallacin unguwa. Ta ajiye hannun gem ɗin a kan katifa, ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Kashe. Yanzu kam yana ciki."

Na kashe. A daren ta ci tuwonta. Kaset ɗin yana nan a cikin na'urar, na rufe su da tsohon zane saboda ƙura, ban sake kunnawa ba. Mai yiwuwa batir ɗin ya riga ya mutu. Jimlar nan ta "ya ba mu baya" tana nan a manhajata yadda na rubuta ta, ban gyara ba.