Daminar da Buraima Ya Yi wa Kwaɗi

Buraima mutumin wani ƙauye ne kusa da Maraɗi, shekararsa tara yana tuƙi a gidan Abu Nayif a unguwar Malaz ta birnin Riyad. A shekaru taran nan sau biyu ya je gida, kuma sau biyun ne ya ga matarsa Delou. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, abin da ya iya bayan sitiyari shi ne roƙo ɗaya: kowace ƙaramar salla sai ya durƙusa ya ce, "Baba, a taimaka a nema wa iyalina takardar ziyara, ko ta wata ɗaya ce." Kowace shekara tsohon sai ya ce, "Insha Allah, bukra." Buraima ya san Larabci daidai gwargwado, ya san bukra gobe ce, amma goben Abu Nayif ba ta taɓa wayewa ba.

Shi wannan kafili nasa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, tun da ya yi ritaya ya rasa abin yi. Ya kiwata tattabaru, suka gudu. Ya kiwata kifi, ya ɗura musu abinci har suka juya ciki sama. A 2014 kuma sai ya ga wasu kwaɗin ruwa a wayar jikarsa, irin waɗanda ba sa fitowa tudu, aka ce masa asalinsu daga Afirka ne. Shi ke nan fa, ya aika a kira direba.

"Ya Ibrahim, kai ɗan Afirka ne, su ma 'yan Afirka ne. Nemo min manya, mace da namiji. Ranar da suka yi ƙwai, wallahi ranar zan sa hannu a takardar matarka."

Buraima bai taɓa ganin irin kwaɗin nan ba, amma wa zai tsaya gardama da wanda ya ce wallahi? Ya ce, "Hadir, Baba," wato an gama.

Ya zagaye shagunan kifi daga Dira har Suwaidi. Ko'ina ƙanana ne kamar ɗan yatsa, ba a gane macensu da namijinsu. Da ya ce manya yake so, na haihuwa, sai masu shago su dube shi kamar ya tambayi giya. A ƙarshe ya faɗa wa Maiwada, wani Bakano mai wanke akwatunan gilas a wani shagon tsuntsaye a Suwaidi, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Kai Malam Buraima, ba ka ji ba? Tsoro ake kar a zubar da su a rafin Wadi Hanifa su cinye 'yan kifin gari. Mai shagonmu cewa ya yi ɗaya a cikin gilas ba laifi, ado ne. Matsalar ita ce su haɗu su hayayyafa su ce nan ne gida."

"To ai ni haɗuwar nake nema," in ji Buraima.

Mai nema yana tare da samu. Bayan sati uku Maiwada ya gano wani malamin makaranta da zai bar ƙasar gaba ɗaya, yana neman wanda zai karɓi kwaɗinsa biyu. Macen ƙatuwa, lukutar gaske, namijin siriri mai baƙin hannu. Buraima ya sa bokitin a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel, ya yi tuƙin da bai taɓa yi wa Abu Nayif kansa ba.

Aka zuba su a akwatin gilas a majalisin gidan, ɗakin karɓar baƙi. Wata guda, shiru. Macen tana wannan kusurwa, namijin yana waccan, ko kallon juna ba sa yi. Abu Nayif ya sa an sayo musu hanta, ya kunna musu talabijin, duk a banza. Delou kuwa kullum a waya: "Baban Hajar, sun yi?" Har ta kai ɗinki.

Wata rana da la'asar Buraima yana wanke mota, ruwan tiyo ya zuba a ƙasa, ƙamshi ya tashi. Sai ya saki tiyon. Haba! Wane kwaɗo ne ya taɓa aure da rani? A tafkin garinsu sai ruwan farko ya sauka suke ɓarkewa da kuka. Waɗannan bayin Allah damina suke jira, a Riyad, a cikin ɗaki mai esi. Za su daɗe.

To, tun da damina ba ta zuwa, sai ya yi musu ita. Ya huda gindin gwangwanin madara da ƙusa. Ya kwaso ruwan sanyi daga firij. Ya ja labule ɗakin ya yi duhu kamar hadari ya haɗo, ya jiƙa ƙasa a kwano ya ajiye gefe. Ya ba Abu Nayif aikin walƙiya, wato kunna fitila da kashewa, ya kuma miƙa masa farantin shinkafa ya riƙa bugawa a matsayin tsawa. Tsoho ya ɗauki aikin da gaske har da cire gutura, mayafin kansa. Shi kuwa Buraima ya hau kujera, yana yayyafi da gwangwani, yana kumbura maƙogwaro yana kukan kwaɗin garinsu, magidanci mai shekara arba'in da biyu. Kwana huɗu suna wannan, Madam, matar Abu Nayif, ta leƙo sau ɗaya ta ce a'uzu billahi ta koma.

A rana ta biyar namijin ya rungume macen. Washegari ƙwai ko'ina, a jikin gilas, a kan duwatsu. Abu Nayif ya yi ta Masha Allah, ya ce takarda sai Lahadi, ofis a rufe yake. Buraima ya kira Delou, ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi ƙara.

Kafin Lahadi ƙwan suka ƙyanƙyashe. Ruwa ya yi baƙi da talibambam, sun fi ƙarfin ƙirga. Aka cika bahon wanka, aka cika tukwanen Madam. Abu Nayif ya tsaya yana kallo, fuskarsa ta canja. Ya tambayi inda za a kai su, Buraima ya ce Maiwada ya ce ba mai karɓa, zubarwa a wadi kuma ba ta taso ba.

Tsoho ya juyo ya dubi Buraima daga sama har ƙasa.

"Ka gani, ya Ibrahim? Biyu kawai na haɗa. Biyu!" Ya girgiza kai. "Maganar matarka, mu bari tukuna. Bukra, insha Allah. Yanzu dai raba min su."

"Baba, kun ce wallahi."

"Zan ciyar da miskinai goma."

Buraima ya juya wajen akwatin. Ya ɗauko kwalba, ya sa hannu ya kamo namijin, ya saka shi ciki da ruwa, ya ajiye a kan taga, nesa da akwatin. Kwaɗon ya manna hannayensa a jikin kwalbar yana ta wani ɗan kuka a ƙarƙashin ruwa. Wayar Buraima ta yi ƙara a aljihu, Delou ce, ta aiko hoton ɗinkin da ta karɓo, atamfa shuɗiya, tana tambaya ko ya yi.

Ya goge hannu a riga, ya rubuta mata cewa ya yi kyau.