Mai Neman Aikin Shara

Ɗakin karatunmu na garin Cúcuta, dab da iyakar Venezuela, yana neman mai shara, layin masu neman aikin ya kai har teburin da nake duba jarida. Shugabar wurin, Doña Eulalia, ta riga ta faɗa cewa ba ta ɗaukar masu digiri, don ba sa daɗewa.

Na uku a layin dattijo ne mai furfura, kwat ɗinsa ta koɗe amma ta sha guga. Harshensa na mutanen Venezuela ne. Idonsa na bin sunayen littattafai, leɓɓansa suna motsi. Ina kallo ya zare takarda mai hatimin jami'a daga ambulan, ya ninka ta huɗu, ya cusa cikin safa. Jaridar ta suɓuce mini.

Shugabar ta kira sunansa. "Baba Nicanor, ina ka tsaya a makaranta?"

"Ban taɓa shiga ba, 'yata."

"To, kai ne namu. Ba za ka yar da tsintsiya ka hau karatu ba." Ta yi dariya, ta miƙa masa biro ya sa hannu.

Ya daɗe yana kallon biron. Akwai kanta a yatsansa, daidai inda alƙalami ke zama.

A hankali ya ce, "Ko akwai tawada, in dangwala?"