Ƙaramin Gilashin Jiddo

Har yau idan na ji warin man keken ɗinki, kakana nake tunawa. Jiddo muke ce masa. Da irin wannan man yake goge bindigarsa ta farauta mai baki biyu, yana zaune a bakin gado a tsakar gidanmu da ke unguwar Hajj Yusuf a Khartoum, kakarmu kuwa tana ta mita wai ya ƙarar mata da mai.

Idan sanyi ya shigo, agwagin ruwa suka sauka a bakin kogin Nilu, ba mai iya zaunar da shi. Abin da ya kaso kuma ba a cinye shi a gida ɗaya, sai maƙwabta sun ɗanɗana.

Ina da shekara goma idonsa ya fara rauni. Ɗan ƙullin ƙarfen da ke bakin bindiga, wanda ake saiti da shi, ya daina ganinsa sosai. Babana ya ce farauta ta ƙare, domin tsoronsa kada tsoho ya raunata wani. Kwana uku Jiddo bai shanye shayinsa ba. Ganin haka Baba ya sassauto, ya ce akwai gilashin saiti da ake ɗora wa bindiga, a je a gwada. In bai yi ba, a rataye ta. Na sa kuka sai da aka tafi da ni.

Mota biyu muka shiga kafin mu kai kasuwar Umdurman. Mai shagon ya fito da iri biyu. Ɗaya dogo ne kamar guntun rake, yana jawo abin nesa ya kawo shi kusa. Ɗayan bai wuce kwalin ashana ba, ba ya ƙara girman komai, ɗigon ja kawai ke haske a tsakiyarsa. Baba ya leƙa dogon, ya hango tattabara a kan tankin ruwa har da jan ƙafarta, nan take ya ce wannan za a saya. Ni ma shi nake so, don ya fi kama da abin manya.

Jiddo ya karɓi dogon, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallo. Bai sauke ba ya ce, "Ina amaryata?" Haka yake tsokanata. Ina tsaye kusa da shi, taku biyu gaba. Sai ya ajiye gilashin a hankali.

"Ya Hajj, wannan ne zai maido maka da idonka," in ji mai shagon.

"Ya nuna mini tsuntsu, ya ɓoye mini jikata. Ba ni ƙaramin."

Ya bayyana wa Baba cewa agwagwa a sama ake harbinta tana tafiya, harsashin kuma watsuwa yake yi, don haka maharbi yana bukatar idonsa biyu a buɗe. Ƙaramin ya bar masa su duka. Baba ya biya kuɗin ƙaramin.

Sanyi biyu ya ƙara yana farauta, yana dawowa da fara'arsa. A na uku, wata hantsi ya shigo hannu wofi. Ya ce ɗigon ya zauna daram a kan agwagwa, amma wani abu ya motsa a ciyawar da ke bayanta, ya kasa gane ko saniya ce ko masunci, sai ya sauke bindigar. Ba wanda ya gani, da ya yi shiru ba mai sani. Ya kwance gilashin ya ba ni, ya miƙa wa Baba bindigar da hannu biyu. Ban taɓa jin girmansa a raina kamar ranar ba, na kuma yi kuka sosai.

Jiddo ya rasu kafin yaƙi ya ɓarke ƙarar bindiga ta cika Khartoum, ina gode wa Allah da bai ji ba. Ranar da muka bar gidan, kayan da na iya ɗauka kaɗan ne, amma gilashin yana cikin jakata. Batirinsa ya mutu tuni. Wani lokaci ɗana yakan leƙa ya ce ba ya nuna komai, sai in tsaya a gefensa in tambaye shi ko yana ganina.