Dogon Idon da Na Saya a Kasuwar Gazawa

Shekarun baya, lokacin da idona na dama ya fara hazo, na sayi wani abu a kasuwar Gazawa wanda har yau yaran gidana ba su san dalilin sayensa ba. Cewa suke tsufa ne. Na bar su a haka.

Ina da ɗan fari. Ba na faɗin sunansa, kuma ba yau zan fara ba. Da aka yaye shi, gwaggonsa ta goya shi ta tafi da shi Gidan Rumji. Can ya girma, can ya yi aure, can yake awon hatsi a kasuwa. Haka muka taso muka tarar: uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta kallonsa, ba ta yabonsa gaban mutane. Mahaifiyata ta yi wa yayana haka har ta koma ga Allah, ni ma na riƙe nawa da kyau. Matan garinmu Agiye sun san ni. Da ni ake yi wa 'yan matan yanzu misali, masu rungumar ɗan fari a tsakar gida.

Idan ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa. Ni kuma in juya wajen bango in kama tsintar aya, ko da babu tsakuwa ɗaya a cikinta.

"Kun zo lafiya? Ya gwaggonka?"

"Lafiya lau, tana gaishe ku."

Shi ke nan. Na san takalminsa, na san tarinsa, na san ƙeyarsa idan zai fita. Fuskar kuwa, wadda na sani ta yaro ce mai majina a hanci.

Da hazon ya ƙaru sai aka kai ni Maradi. Mai duba ido ya haska mini fitila ya ce, "Iya, irin wannan ciwon magani rage masa gudu kawai yake yi. Hasken da ya tafi ba ya dawowa." Ban yi kuka ba, ni ba mai kuka gaban baƙo ba ce. Amma a mota muna dawowa, ina kallon gonakin gero suna wucewa, sai wani tunani ya faɗo mini. Zan makance ban san kamar mutumin da na haifa ba. Akwai hotonsa a wayar ƙanwarsa, na sani. To da wane baki zan ce a nuna mini?

Ranar kasuwar Gazawa na kai aya, na sayar da wuri. Ina zagayawa sai na ga wani mai kayan gwanjo ya baje tsofaffin rediyo da agogo a kan leda. A tsakiyarsu ga wani baƙin abu, dogo kamar ƙaramar taɓarya, da gilashi a bakinsa.

"Kai, wannan na mene ne?"

"Idon kyamara ne, Hajiya. Masu hoto zum suke ce masa. Mutum yana ƙarshen kasuwa, sai ya kawo miki shi nan gabanki, har ki ƙirga haƙoransa."

Na ɗauka. Yana da nauyi. Fentin jikinsa ya goge inda hannu ke kamawa, kuma a cikin gilashin akwai wani fari-fari kamar saƙar gizo.

"Wannan ai ya yi fumfuna."

"Tsoho ne, ya sha hannu, amma ƙarfen da ne. Wa za ki saya wa?"

"Kai ka haife ni da za ka tambaye ni? Faɗi kuɗinsa."

Muka ja ciniki har ya ce ban bar masa na goro ba. Na naɗe abin a zane na sa ƙarƙashin ƙwarya, na hau mota ina jin kaina wata mai dabara.

A gida na jira kowa ya fita, na tsaya bayan rumbu na kafa ido a gindin abin, na nufi bishiyar gawo da ke bayan katanga. Jama'a, bishiya na gani saiwa a sama, rassa a ƙasa, ita ma dishi-dishi. Na juya shi ta ɗaya bakin, komai ya ƙanƙance. Na goge da bakin zane, na yi bisimilla, na sake. Haka dai. Ni da ba a taɓa cutata a mudu ba, ga shi na sayi ido babu kai.

Akwai wani tsohon mai hoto kusa da tashar Agiye, wanda a da shi ke yi mana hoton katin shaida kafin waya ta kashe masa kasuwa. Na same shi yana gyangyaɗi a shagon da babu kowa sai ƙudaje. Da na warware zanen sai ya wartsake, ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri.

"Ikon Allah! Ina kika samo wannan? Rabona da irinsa tun ina da gashi."

"Ba ya aiki. Ƙasa da sama yake nunawa."

Ya yi dariya har da tari. "Hajiya, ai ba ya gani shi kaɗai, sai an ɗaura shi a jikin uwarsa." Ya jawo akwati daga ƙarƙashin benci, ya fito da wata tsohuwar kyamara, ya murɗa abin a bakinta har ya ce ƙas. "Ya zauna. Sai dai ba za ki samu hoto ba. Fim ɗinta ya ɓace, mai wankewa ma babu."

"Wa ya ce maka hoto nake so? A tsince shi a ɗakina a ce me? Kallo kawai zan yi."

Ya dube ni, na dube shi. Ya nuna mini 'yar tagar da ake sa ido, da zoben da ake murzawa har abu ya fito sarai. Na gwada da idon hagu. Wani mai shayi da ke can tsallaken titi ya faɗo gabana yana sakace, har na ja baya na ce a'uzubillahi. Mai hoton ya ce in tafi da ita, ba ta da aikin yi sai tara ƙura.

Da ranar kasuwar Gidan Rumji ta zagayo, na ce wa mutanen gida zan je Maradi karɓar magani. A Maradi na sake mota. Duk hanya kayan na kan cinyata cikin hijabi, ina addu'a kada jandarma ya ce in buɗe, don ban san me zan ce masa ba.

Ban shiga layin 'yan hatsi ba. Na samu wata mai sayar da kuka da kuɓewa can nesa, na ce jiri nake ji, ta ba ni wuri bayan buhunanta. Na ɗora abin a kan buhu, na rufa da mayafi, bakin kawai ya leƙo.

"Baiwar Allah, wannan kuma fa?"

"Na likita ne. Ki ji da kukarki."

Na daɗe ina nema. Rawunan mutane, gindin jaki, bakin mudu. Da tarinsa na so in gane shi, amma abin ba ya kawo sauti. Sai na ga wata ƙeya da na sani. Na murza zoben a hankali, ya juyo.

Furfura ce a gemunsa. Babu wanda ya taɓa gaya mini ya yi furfura. Hancin na mahaifinsa ne, Allah ya jiƙansa. Akwai tabo a girarsa ta hagu wanda ban san ranar da ya same shi ba, ban san wa ya wanke masa jinin ba. Wata mata ta taya masa gero da arha, sai ya tsuke baki ya ɗaga gira ɗaya. Wannan tsuke bakin nawa ne, duk Agiye an san ni da shi. Ban goya shi ba bayan yaye, ban koya masa komai ba, ga shi ya ɗauka ya tafi da shi.

Ina nan har rana ta karkato ta bugi gilashin. Sai ya ɗago ya dubi wajena, tsaf, ido cikin ido. Ban san ko ni ya gani ko ƙyallin ba. Na ja mayafi na naɗe kayana na nufi tasha, ko ruwan garin ban sha ba. A mota babu wanda na sani, babu kuma wanda zan gaya wa abin da na gani.

Da ƙaramar salla ya zo gaisuwa. Na ɗauko faifan aya kamar kullum. Amma bai durƙusa a bakin ƙofa ba. Ya ce wa ƙanwarsa, da ƙarfi yadda zan ji, "Kawo mini tabarma nan waje, wurin nan ya fi haske." Ya zauna daidai saitin ƙofata, ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya ɗaga kai yana kallon bishiyar gawo. Ba ya hira da kowa. Ya daɗe a haka, rana na dukansa, har gumi ya gangaro ta kan tabon.

Ni ma ban tsinci aya ba ranar.

Har yau ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba. Kyamarar na mayar wa mai ita, dogon idon kuwa yana ƙasan kwallata, naɗe a zanensa. Yanzu ko an ɗaura mini shi babu abin da zan gani, mutane inuwa suke zame mini. Ban ce al'adarmu ta cuce ni ba, kuma wanda ya zo ya zage ta gabana zai sha magana. Sai dai na gane cewa kunya tana da nauyi, kuma ashe ba ni kaɗai nake ɗauke da ita ba.

Har yanzu idan ya zo, waje yake sa a shimfiɗa masa, ya cire hula. Ya san ba na gani. Ni kuma ina juyowa wajensa.