Zaren Kugun Habsu

Ranar da komai ya sauya mini, ina zaune a tsakar gidanmu a Tawa, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Littafin labari a hannuna, jaririyata Habsu a cinya. Bakwaini ce, 'yar mitsitsiya, kullum ina tsoron ba za ta rayu ba.

Zaren da surukata ta ɗaura mata a kugu ranar suna sai zamewa yake yi. Na ajiye littafin, na fara kwance shi don in matse.

"Ke ɗiyata, mi kike yi?" in ji Inna, surukar tawa.

"Ya yi sako-sako, Inna."

"Bar shi! Da gangan na bar wurin yatsa uku. Mu can Takanamat ba mu da sikelin likita. Zaren ga shi ka hwaɗa miki in tana girma."

Kowace safiya bayan wanka sai in zura yatsuna. Uku. Gobe ma uku.

Wata safiya da damina, yatsa na uku ya ƙi shiga. Na sake gwadawa, ya ƙi. Sai na fashe da kuka. Duk labaran aljanun da na karanta, babu wanda ya ba ni mamaki kamar wannan zaren.

Inna ta gwada da nata yatsun, ta ce, "To, kukan na mi ne? Ɗauko sabon zare."

Ku fa, da me iyayenku suke gane jariri yana girma?

Ni dai a ranar nan, da hannuna na ɗaura sabon, kuma na bar wurin yatsa uku.