Hannun Tukunyar da Bai Ƙarasa Ba

Jama'a, me zai sa mutum ya tsaya gyaran hannun tukunya ana harbi? Har yau ban sani ba.

A rubuta yadda na faɗa. Jiya na fita takaba, yau na ga tukunyata a unguwar Digel wajen wata mai abinci! Tun da muka tsallake gada muka gudu garin Kuseri aka kwashe gidanmu na unguwar Gardole.

Marigayi maigidana mahauci ne, amma waldar alminiyum ce abin sonsa. Duk abin da ya liƙe, sai ya ɗiga ɗigo uku a ƙarshe don kada ya tsage.

Na juya tukunyar. Hannun dama, ɗigo uku. Na hagu kuwa, waldar ta tsaya a rabi!

Matar ta ce, "Hajja, lafiya kike shafa mini tukunya?"

Na ce, "Aikin mijina ne, 'yata. Na ƙarshe."

Ta juye miyarta a roba, ta miƙo mini. Na gaji, ko wanke ta ban yi ba.

Ranar da harbi ya iso unguwa, na ja rigar maigidana. Bai ɗago ba, ya ce, "Yi gaba, Hajiya, saura hannu ɗaya. Zan kawo miki ita bakin gada."