Rijiyar da Suka Fasa Mana

Muna da rijiya a ƙauyenmu, can gefen Kanan-Bakashe. Tsohuwa ce, bakinta itace, amma ba ta taɓa kunyata mu ba. Zamanin soja, fari ya sako kai, sai ga mutanen poroje, masu aikin raya karkara, da mota. Suka ce za su faɗaɗa ta su zuba mata siminti, da bashin da wani bankin Turai zai ba gwamnati. Muka yi ta guɗa kamar wawaye.

Suka cire itacen bakin, suka fasa gefe, rairayi ya rufta ya binne ruwan. Daga nan aiki ya tsaya cak.

Shugaban aikin, wani dogo mai baƙin tabarau, ya zo ya tara mu. Wai an sauya wa bankunan can doka: duk wanda zai ranta wa ƙasa irin tamu, sai ya ware dukiya mai yawa ta kansa ya ajiye, don gudun asara. Bankin ya duba, ya ga ba mu kai ba, ya janye hannu. Ko a jikinsa yake faɗa, yana kaɗa makullin mota.

Mahaifiyata ta ce, "To ku maido muna ita yadda kunka ishe ta."

Ya ce babu wannan cikin tsari.

Muka koma ɗibar ruwa a wani gari mai nisa. Ina da jar saniya, da nononta nake rainon ɗiyata, don nawa ya ƙafe. Tafiyar ta fi ƙarfin saniyar, ta faɗi a hanya. Ɗiyata ba ta ga damina ba. Na tsani mutumin nan, kuma har yau ban huce ba.

Bazara ta biyu motarsa ta yi zafi a bakin gari, tana hayaƙi. Ya sauko leɓe a bushe, ya tarar da ni da tulu a ka, cike. Bai gane ni ba.

"Baiwar Allah, taimaka min da ruwa."

A gidanmu ba a hana baƙo ruwa, ko maƙiyi ne. Na shiga gida na ajiye tuluna, na ɗauko guga da igiya, na kai shi har bakin rijiyar da suka fasa.

Na ce, "Ga taku nan. Ja."

Ya zura gugan. Na tsaya ina kallo har ya jawo shi, cike da rairayi.